Kaset Uku a Faifai Ɗaya

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zauna a bakin ƙofar falon Alhaji a Aliero ina roƙon Allah a zuci ya kashe janareta ba. Ni da na saba zagin janareta saboda yawan mutuwarsa, ran nan lallashinsa nake ya mutu, shi kuwa sai ƙara lafiya yake. Amma bari in faro muku daga farko.

A lokacin ina da ɗan shago a unguwar Firchin ta garin Jega, ina sana'ar faifai. Yaran da suka taso da waya a hannu ba za su gane ba, amma an yi zamanin da in kana son kallo sai ka sayi faifai ka kai gida. Sabon faifai kuwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, fim ɗaya ko biyu in ana son hoto ya fito tas. To ni gwanintata matsewa ce. Sai in zuba fim a kwamfuta, in rage girman hoton, in rage masa nauyi, in yi ta dannawa har fim shida ko takwas su shige faifai guda. Hoton yakan dushe, in jarumi yana gudu fuskarsa ta farfashe ta koma 'yan akwatuna, amma wa ya damu? Mutum ya shigo ranar kasuwa, ya sayi faifai ɗaya, gidansa ya yi ta kallo har kasuwa ta zagayo. Injiniya ake kirana, ni kuma ina amsawa da ƙarfi (ban taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, wani malamin sakandare ne da aka turo garinmu aiki ya nuna mini a kwamfutarsa).

Ina da wani sirri da ko abokan sana'a ban gaya wa ba. Fim dai hotuna ne masu yawa da ke wucewa da sauri, kuma a manhajar da nake aiki da ita akwai wurin da ake faɗa mata hoto nawa zai wuce a daƙiƙa. Ni sai in ɗan rage lambar don in sami ƙarin wuri. Muryar kuma in cire ta daban, in tsuke ta, in mayar. In na gama sai in sa faifan a inji, in ga farkonsa ya tashi lafiya, in zare in sa a leda. Haka kowa yake gwaji a layinmu, babu mai zama ya kalli fim har ƙarshe alhali masu saye na tsaye. Kuma kusan duk abin da nake matsewa na Indiya ne da na Cana. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, akwai Kulu. Ƙanwar abokina Bello ce, kuma tun ranar da ta miƙo mana ruwa a zauren gidansu na daina cin abinci yadda ya kamata. Ita ma ba ta ƙi ni ba. Matsalar mahaifinsu ce, Alhaji, babban dillalin albasa a Aliero, mutum mai kauri da murya mai kauri, wanda 'yan dako ke daina hira in sun hango hularsa. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ga dariyarsa ba. Kulu ta gaya mini cewa da maganata ta kai kunnensa, tambaya ɗaya ya yi: "Mi na sana'atai?" Aka ce faifai. Ya ce, "Wasa dai." Ni kuma kalmar nan ta tsaya mini a rai.

Ana haka aka yi bikin Bello, ya auro 'yar Malam Umaru daga Maiyama. Mai kyamara ya ɗauki komai, tun daga ɗaurin aure har kawo amarya, ya cika kaset uku, ya ce faifai uku za su ci. Alhaji ya yi tsaki, ya ce shi ba zai riƙa tashi yana canja faifai a gaban baƙi ba. Da Bello ya ba ni labari sai na ji kamar an buɗe mini ƙofa. Na sa rigata mai kyau, na hau mashin sai Aliero, na sami Alhaji a rumfarsa, na durƙusa.

"Baba, ni ina iya maishe su hwaihwai guda."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Ukkun? Cikin guda?"

"Har wuri shi rage, Baba." (Wannan ƙarin babu wanda ya tambaye ni shi, bakina ne kawai.)

Ya kalli masu ɗinke buhuna. Sannan ya ce, "Albasa dai in anka danne ta ga buhu, ta ƙasa ka lalacewa. Amma kai kas san aikinka. A ba shi."

Na karɓo kaset, na zuba su a kwamfuta, na yi musu irin matsar da ban taɓa yi wa wani fim ba. Suka shiga, har wuri ya rage kamar yadda na yi alkawari. Na sa a inji, ga motoci suna tashi zuwa Maiyama, hoto garau, murya garau. Na zare, na sami alƙalami na rubuta sunan ango da amarya a kai da rubutu mai lanƙwasa.

Aka sa ranar kallo ranar da Malam Umaru da 'yan'uwansa za su zo yi wa Alhaji ban gajiya. Na garzaya ƙauyen Gehuru wurin Baffa Mamman, ƙanen mahaifina, manomi ne da ya daɗe yana kai wa Alhaji albasa. Na yi ta yi masa magiya har ya yarda zai zo. Ya ce, "In Alhaji ya ji daɗin aikinka gaban surukkainai, nan za ni sa baki a ba mu rana mu turo. In ka ga na gyara hula, to na hwara." Wato auren Kulu gaba ɗaya yana kan faifan nan, kuma ni na ɗora shi a kai da hannuna.

Bayan la'asar falo ya cika. Manya a kan darduma, Alhaji a kujerarsa, rimot a hannunsa cikin ledar da aka sayo shi. Mata suna bayan labulen ƙofar cikin gida, ina jin motsinsu: Hajiya mahaifiyar Kulu, da amarya, da Gwaggo Ige ƙanwar Alhaji, wadda ba a biki a unguwar sai da guɗarta. Na san Kulu ma tana nan, don na ga yatsun ƙafarta da lalle a ƙarƙashin labule. Na haɗa wayoyi, na sa faifai, na koma bakin ƙofa na rakuɓe kusa da Baffa.

Farkon ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Malam Umaru ya ga ƙofar gidansa ya yi murmushi. Alhaji ya ce, "Dut bikin na ciki, hwaihwai guda. Yaron ga yay yi shi." Ya nuna ni da rimot. Baffa ya taɓa hularsa kaɗan, ni kuwa a raina har na fara zaɓen kalar shaddar da zan sa.

Abu na farko da na lura da shi ƙofar mota ce. Na ji gaf, sannan direba ya rufe ta. Tsakaninsu bai fi ƙiftawar ido ba, na ce ko kunnena ne. Can kuma wani abokin ango ya yi dariya, sai da dariyar ta ƙare bakinsa ya buɗe. Na gyara zama. Da aka kai ɗaurin aure, sai ga muryar maroƙi yana shelar an ɗaura, alhali a hoto ko goro ba a gama rabawa ba.

Malam Umaru ya ce, "Wagga talabijin gaggawa gare ta." Aka ɗan yi dariya, aka ci gaba da kallo.

Ni ban yi dariya ba, don a daidai lokacin nan komai ya faɗo mini a kai. Lambar nan da nake ragewa, ashe hoto take sa wa jan ƙafa, murya kuma tana tafiyarta yadda take. A farko suna tare, amma duk yadda fim ya yi nisa, haka murya ke ƙara tsere wa hoto. Tun da na buɗe shago haka nake sayar wa mutane, babu wanda ya kama ni, saboda duk Jega babu mai jin Indiyanci balle ya san bakin da ya dace da magana. Har na tuna wani bawan Allah da ya taɓa dawowa ya ce mini a faifansa jaruma tana kuka tun kafin a mare ta. Na ce masa haka Indiyawa suke, suna da saurin kuka. (Allah ya yafe mini, mutumin har godiya ya yi.)

Na ce a raina, in dai a hankali za a bi, magariba za ta yi kafin abin ya yi muni, a tashi salla, ni kuma in san dabarar da zan yi faifan ya ɓace. Ban gama wannan lissafi ba Alhaji ya ɗaga rimot.

"Ku bari in kai ku ga walima, ku ji godiyar da niy yi muku."

Ya danna, hotuna suka riƙa gudu. Ni na zuba kaset ɗin nan a kwamfuta, na san yadda suke a jere. Jawabin Alhaji shi ne abu na ƙarshe a wurin maza. Yana sauke abin magana mai kyamara ya kashe, bai sake kunnawa ba sai da motar amarya ta tsaya a ƙofar gida. Kuma na san wadda ta tarbi motar.

Na ce, "Baba, ko a bari injin shi huta? Kamar ya yi zahi."

"Sabo na," in ji Alhaji, ko kallona bai yi ba.

Na yunƙura zan fita, niyyata in je bayan gida in taka wayar janareta, in ya so a ce tsautsayi ne. Baffa ya damƙe gefen rigata ya mayar da ni ƙasa. Ya raɗa mini, "Zamna! Yanzu aka ganin aikinka, ina za ka?" Na dubi faifan da ke juyawa a inji, na yi fatan a ce akwai ƙarzuwa ko ɗaya a jikinsa. Babu, ni da kaina na zaɓo mai tsada na goge shi da auduga.

Alhaji ya saki rimot. Ga rumfar walima, ga mutane ana cin abinci, sai muryarsa ta cika falo, mai nauyi, a natse, yana yi wa Allah godiya yana yi wa mutanen Maiyama barka da zuwa. Amma a hoto ba shi ba ne. Kyamara tana kan Baffa Mamman, ya kama cinyar kaza da hannu biyu yana kokawa da ita, maiƙo har gemu. Hannun Baffa ya saki rigata a hankali.

Alhaji ya matso gaba a kujera. "Muryata ta wagga. To ni ina nike?"

Duk falon aka juyo gare ni. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Kuna tahe, Baba."

Haka muka zauna muka saurari jawabin gaba ɗaya a kan hoton masu cin shinkafa. Jawabi ya ƙare, aka ji jama'a suna Allah shi saka, sai ɗan shiru, sai ƙahon motoci daga nesa. A daidai nan Alhaji ya bayyana a talabijin. Ya miƙe cikin babbar rigarsa fara, ya naɗe hannunta a kafaɗa, ya karɓi abin magana, ya dubi jama'a da fuskar nan tasa da ba ta san wasa ba. Na rufe ido, na kasa, na buɗe. Ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya buɗe baki.

"Ayyiririri yiriiiii!"

Guɗar Gwaggo Ige ce, doguwa, siririya, mai kaɗawa a ƙarshe, ta fito daga bakin Alhaji daidai wa daida, kamar an auna. Duk tsawon faifan nan babu inda murya da baki suka haɗu da kyau irin wurin. Ya sauke hannu, ya nuna jama'a da yatsa cikin girma, muryar ta ce, "Ku ba mu hanya, an kawo muna amarya, mu ad da gida yau!" Ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, sai shessheƙar kukan amarya.

Janareta kaɗai ke magana a waje, lafiyarsa lau. Malam Umaru ya ja hannun rigarsa ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zubo masa. Sai aka ji wani kwano ya faɗi a bayan labule, Gwaggo Ige ta ɗaga murya: "Wallahi tawa ta! Yaya, ka ara ba ka ko tambaya ba?"

Shi ke nan, cikin gida ya fashe. Alhaji ya danna rimot da ƙarfi zai kashe, amma ta cikin ledar nan yatsansa ya sauka a kan madannin komawa baya. A talabijin ya sake miƙewa, ya sake naɗe riga, ya sake ɗaga hannu. Kafin ya kai ƙarshen guɗa ta biyu na rarrafa da gwiwa na fizge waya daga bango.

Na tsaya a durƙushe da waya a hannu, na kasa juyowa. Da ƙasa tana tsagewa don tausayi, da ran nan ta tsage.

"Injiniya," in ji Alhaji. Bai taɓa kirana da sunan ba sai ran nan.

"Na'am, Baba."

"Ka kalle shi har ƙarshe kahin ka kawo man?"

"Hwarkon nik kalla, Baba."

"Hwarkon," ya maimaita a hankali. Sai ya juya ga Baffa. "Mamman, kai da wata magana kaz zo?"

Na dubi hular Baffa. Hannunsa bai ko kusance ta ba. Ya ce, "A'a Alhaji, gaisuwa ta kawai."

Wannan ta fi guɗar yi mini ciwo. Na goya Baffa a mashin muka kamo hanya har muka shigo Jega. Da zai sauka ya ce, "Duk abin da anka ci ga walimar nan, ba a ga kowa ba sai ni da kaza?" Ya juya ya tafi neman motar Gehuru.

Na rufe shago na sake aikin daga tushe, faifai uku, ban taɓa lambar nan ba, kuma na zauna na kalli kowanne har rubutun ƙarshe. Na ba Bello ya kai. Shiru. Labari kuwa ya riga ya zaga, har a layinmu in na wuce sai wani ya ɗan yi guɗa ƙasa-ƙasa. Kulu ta aiko mini cewa Baba bai ce komai ba, kuma a gidansu shirun Baba ya fi faɗansa tsanani. Na rame, na fara tunanin komawa gona. Na riga na sallama, na ce na rasa ta saboda ƙyashin faifai biyu.

Sai wata safiya Bello ya zo ya ce Alhaji na nemana. Na hau mashin na tafi. Na same shi shi kaɗai a falon nan, faifai uku a kan tebur.

"Sa na hwarko," ya ce. "Zamna."

Muka kalli bikin Bello tun daga tashin motoci, ni da shi. Na ɗaya ya ƙare, ya nuna mini inji da haɓa, na tashi na canja. Muka yi azahar muka dawo. Da aka zo jawabinsa na kafe talabijin da ido, duk da na san na gyara. A talabijin ya miƙe, ya naɗe riga, ya buɗe baki, muryarsa ta fito, tasa ta kansa. Na ga ya ɗan saki kafaɗa. Aka kawo amarya, Gwaggo Ige ta yi guɗarta da bakinta, faifai ya ƙare.

Ya ce, "To, ka ga canjin hwaihwai bai kashe kowa ba." Ya daɗe yana juya rimot a hannu. "Na aza ba ka ƙara tako garin ga. Wanda yas sha kunya irin wagga kuma yad dawo, ana iya zama da shi. Ka ce ma Mamman shi gyara hulatai shi zo."

Ashe har maganar hular ya sani. (Baffa ya rantse ba shi ya faɗa ba, ni dai har yau ban yarda ba.)

Yanzu ni da Kulu muna da yara, sana'ar faifai kuwa waya ta daɗe da binne ta. Wancan faifan na farko ban sake ganinsa ba, amma Kulu ta ce yana ƙasan akwatin Hajiya, kuma duk sallah in Alhaji ya fita gaisuwa sai mata su rufe ƙofa su kunna. Gwaggo Ige har gobe ba ta amsa gaisuwata da baki, guɗa take yi mini. A walimar aurenmu kuwa, da aka miƙa wa Alhaji abin magana ya yi wa baƙi godiya, sai ya dube shi, ya dube ni, ya ture shi gefe. Ya ce, "Ku ba angon. Shi ka raba ma mutane murya."

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ka matse, zauna ka kalle shi har ƙarshe kai kaɗai, ƙofa a rufe. In kuwa ƙiwa ba za ta bar ka ba, to kada ka fara gwada shi a kan mutumin da kake neman 'yarsa.